Yadda Za a Koya wa Yaran Firamare Sanin Jihar Kano

A makarantu da yawa, idan aka zo darasin sanin jiha, abin da malami yakan yi shi ne ya cika allo da sunaye da shekaru, yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, sannan idan aka dawo daga hutu aka tambaye su a tarar babu abin da ya zauna. Wannan abin takaici ne ƙwarai a wuri irin Kano, inda yaro yake wucewa ta gindin badala a hanyarsa ta zuwa makaranta, yake jin kakaki ranar hawan salla, kuma sunan unguwarsu kaɗai ya isa a yi darasin mako guda a kansa. Bayanin da ke tafe an yi shi ne domin malaman aji huɗu zuwa shida da iyayen da suke son su zauna da 'ya'yansu a gida, kuma kayan aikin da yake bukata ba su wuce alli da kwali da igiya ba.

A fara daga ƙofar gida

Ranar farko kada a ambaci shekara ko ɗaya. A sa kowane yaro ya faɗi sunan unguwarsu ko ƙauyensu, da mazaɓarsu, da ƙaramar hukumarsu, wanda bai sani ba kuma a ba shi aikin gida ya tambayo. Daga nan sai a zana tsani biyu a kan allo. Tsani na farko na sarauta ne: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Na biyu na gwamnati ne: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, gwamna. Yaron da ya gane cewa waɗannan tsanuka biyu suna tsaye ne gefe da gefe, kuma ana hawa na biyu da ƙuri'a alhali na farko naɗi ne, ya riga ya kuɓuta daga rikicewar da take sa wasu su rubuta cewa sarki ne shugaban jiha.

Idan makarantar a cikin birni take, sunayen unguwanni za su ɗauke wa malami rabin aiki. Tudun Nufawa da Zangon Barebari suna faɗa da bakinsu waɗanda suka zauna a wurin. Ayagi mazaunin Yarbawa ne tun da daɗewa. Dandalin Turawa kuwa yana ba yara mamaki, domin Turawan da ake nufi a can su ne Larabawan arewacin Afirka da suka riƙa tsallako hamada da haja tun kafin zuwan Ingilishi. Soron Ɗinki da Dukawa sunayen sana'a ne. A bar yara su yi ta zato kafin a ba su amsa, domin abin da yaro ya yi gardama a kansa ba ya saurin mantawa. A nan ne kuma za a dasa musu gaskiyar da ta fi kowace shekara muhimmanci, wato cewa baƙo da ɗan gari ne suka haɗu suka gina Kano.

Kano uku ce, a raba su tun da wuri

Babban abin da yake rikita yara, har da wasu manya, shi ne suna ɗaya yana ɗauke da abubuwa uku. Akwai birnin Kano, wanda ya haura shekara dubu. Akwai masarautar Kano, wadda take da sarakunanta da hakimanta da dogon tarihinta. Akwai kuma Jihar Kano, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiro ranar 27 ga Mayu, 1967, lokacin da aka rushe tsarin yankuna aka raba Nijeriya zuwa jihohi 12. Saboda haka idan aka tambayi yaro shekarun Kano, amsa mafi kyau da zai bayar ita ce ya mayar da tambaya ya ce, wace Kanon? Malamin da ya kai ɗalibansa wannan matsayi ya yi aikin da ya fi haddar shafi goma.

Abubuwan da ya kamata su zauna a kan yaro game da jihar ba su da yawa, kuma gara a tsaya a kansu har su nuna. Gwamnanta na farko shi ne Audu Baƙo, kwamishinan 'yan sanda, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma a zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda. Gwamnan farar hula na farko shi ne Muhammadu Abubakar Rimi, wanda aka zaɓa a 1979. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Jigawa daga cikin Kano, hedikwatarta a Dutse. Jihar tana da ƙananan hukumomi 44, fiye da kowace jiha a ƙasar, da mazaɓun sanata uku, wato Kano ta Tsakiya da ta Arewa da ta Kudu. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 20,000, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 9.4, adadin da ya sa ta zo ta ɗaya a ƙasar. A riƙa haɗa wannan adadi da shekararsa duk lokacin da aka faɗe shi, don kada yaro ya ɗauka yawan mutanen yau ke nan.

Sunan gwamna mai ci da na shugaban ƙaramar hukuma da sauran masu riƙe da muƙamai a rubuta su a kwali daban, a rataye a gefe, a gaya wa yara cewa wannan kwalin ana sauya shi. Ba na ganin amfanin tilasta wa yaro ɗan shekara goma haddace jerin gwamnoni tun daga 1967, musamman na soja waɗanda wasunsu ba su daɗe ba.

Taswira a ƙasa

Taswirar da aka rataye a bango tana da nakasu guda, domin yaro yakan ɗauka arewa na nufin sama. A fita filin makaranta, a sa yara su nuna gabas, wadda kowannensu ya sani ta dalilin salla da fitowar rana, sannan a zana siffar jihar a ƙasa da sanda ko da toka, arewarta tana kallon arewa ta gaske. A tsayar da yara huɗu a gefuna, kowanne riƙe da kwali: Katsina ta yamma da arewa maso yamma, Jigawa ta gabas da arewa maso gabas, Bauchi ta kudu maso gabas, Kaduna ta kudu maso yamma. Sai a jefa musu tambaya: shin Kano tana da iyaka da Jamhuriyar Nijar? Da yawa za su ce eh, domin suna ganin mutanen Damagaram da Maraɗi a kasuwa kullum. Amsar ita ce a da tana da ita, amma tun da aka cire Jigawa iyakar ta tafi da ita.

A kan wannan taswira ta ƙasa za a ja layi biyu da ruwan buta, ɗaya Kogin Kano, ɗaya Kogin Challawa, a nuna yadda suke haɗuwa su zama kogin da ya bi ta Wudil ya nufi Haɗeja. A ɗora dutse a inda Tiga take, a nuna yadda ruwanta yake bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman rani na shinkafa da tumatir da alkama. A sa ganye a can ƙarshen kudu, wajen Doguwa da Tudun Wada, domin nan ne dajin Falgore da duwatsun Riruwai suke, kuma nan ne ruwan sama ya fi sauka, a bar arewa wajen Ɗambatta da Kunchi da rairayinta. Wannan mataki yana da muhimmanci ga yaran birni, waɗanda sukan zaci jihar ta ƙare a inda kwalta da fitilun titi suka ƙare, alhali ƙananan hukumomi takwas ne kawai ake lissafawa a cikin ƙwaryar birni da kewayensa: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Sauran 36 suna waje, kuma su ne suke ciyar da birnin. Yaran karkara su ma suna da abin alfahari da ya kamata a tuna musu, misali cewa Rano tana cikin Hausa Bakwai, wato jihar tana ɗauke da biyu daga cikin bakwai ɗin, Kano da Rano.

Alamomi

A fara da raba alamomin ƙasa da na jiha. Tuta mai kore, fari, kore da tambari mai dawakai biyu da jar mikiya na Nijeriya ne baki ɗaya. Abin da yake na Kano a hukumance, wanda kuma yaro zai iya gani da idonsa a yau, shi ne taken da aka rubuta a kan lambar motocin jihar, wanda ma'anarsa ita ce Cibiyar Kasuwanci. A ba yara aikin duba lambobin motocin da ke ajiye a layinsu, su kwafo haruffa ukun da ke jiki, washegari a warware su tare a aji: KMC na Birni ne, DAL na Dala, FGE na Fagge. Da wannan wasa yara sukan koyi sunayen ƙananan hukumomi ba tare da an ɗaga musu murya ba. A ja musu kunne kawai kada su tsaya a bakin babban titi.

Taken kasuwanci kuma sai an cika shi da kasuwanni kafin ya yi ma'ana. A tambayi yara inda iyayensu suke sayen atamfa, za su ce Kantin Kwari. Hatsi kuwa Dawanau, kayan miya 'Yankaba, kayan masarufi Singa ko Sabon Gari. Sannan a gaya musu cewa uwar su duka ita ce kasuwar Kurmi, wadda take ci tun ƙarni na 15, inda a da ayarin raƙuma yake sauke gishiri da kayan Larabawa, fatake kuma su ɗauki tufafi da fatu, wasu su nufi arewa, wasu su bi hanyar Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, su dawo da goro.

Kirarin gari shi ma alama ce, kuma yara suna son sa: Kano ta Dabo, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Kada a bar shi a matsayin waƙar baki, a fasa shi gaɓa-gaɓa. Dabo sarki ne, za a haɗu da shi a darasin tarihi. Tumbin giwa kuwa hoto ne na cikin da komai yake shiga ya sami wuri. Gaɓar ƙarshe tana bukatar kulawar malami, domin yaro zai iya ɗaukarta a matsayin lasisin raina mutanen wasu garuruwa. Fassarar da na fi so a ba yara ita ce gari ne mai yalwa, wanda duk gwanintar da mutum ya zo da ita zai tarar da wanda zai ƙaru da shi.

Sauran alamomin na gani da taɓawa ne: Dutsen Dala da Goron Dutse, badala da ƙofofinta irin su Ƙofar Mata, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Kabuga da Ƙofar Ruwa, Gidan Rumfa, tagwayen masu da takalmin gashin jimina na sarki, da hawan salla wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2024. A sa kowane yaro ya zaɓi ɗaya ya zana, ya rubuta jimla biyu a ƙarƙashi. Dalar gyaɗa tana bukatar hoto, domin babu yaron yau da ya taɓa ganinta, kuma dole a bayyana masa cewa buhuna ne aka jera har suka yi tsini suna jiran jirgin ƙasa, kada ya rikita ta da Dutsen Dala.

Igiyar tarihi

A nan ne ya kamata malami ya fi daɗewa. A nemi igiya mai tsawon mita goma da ɗan ƙari, a ɗaure ta daga wannan bango zuwa wancan, ko tsakanin bishiyoyi biyu, a ce kowace mita ɗaya shekara ɗari ce. Kowane abin da za a ambata sai a rubuta shi a guntun kwali, yaro ya auna ya ɗaure a wurinsa.

Kafin farkon igiyar, a jikin bangon kansa, a manna kwalin Dala da Barbushe, jagoran mutanen da suka zauna a wurin, da Tsumburbura, abin bautarsu, a gaya wa yara cewa wannan zamanin labarinsa ya zo mana ne ta bakin kaka da kakanni, kuma mutanen da suka zauna a gindin dutsen sun san aikin ƙarfe. A bakin igiya a ɗaure Bagauda, sarki na farko, da shekarar 999. Yana da kyau a faɗa wa yara gaskiyar yadda aka sami wannan shekara: tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo sunan kowane sarki da tsawon mulkinsa, masana kuma suka yi lissafi da baya har suka isa can, don haka shekarun farkon ƙiyasi ne. Yara suna iya ɗaukar wannan bayani, kuma yana koya musu tambayar inda labari ya samo asali.

Bayan mita ɗaya sai Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya fara ginin ganuwa. A mita uku da rabi sai Sarki Yaji, wanda ya hau a 1349, kuma a zamaninsa ne Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali da addinin Musulunci. Kusa da tsakiyar igiya a ɗaure babban kwali, domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya cancanci darasi nasa shi kaɗai. Shi ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, kuma gare shi ake danganta fara amfani da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. A zamaninsa ne Shehu al-Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan yadda sarki zai yi mulki da adalci. Idan yaro ya fita firamare bai riƙe sunan kowane sarki ba sai na Rumfa, amma ya san abubuwa uku da ya yi waɗanda suke tsaye har yanzu, ba a yi asara ba.

Daga nan igiya za ta yi tafiya mai nisa kafin a kai mita takwas, inda jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, ya kawo ƙarshen mulkin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, Sulaimanu ya zama sarkin Fulani na farko, Kano kuma ta shiga daular Sakkwato. Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819 ya yi mulki har 1846, kuma daga zuriyarsa sarakunan da suka biyo baya suka fito. Nan ne yara za su ji daɗin gano mai sunan da ke cikin kirari.

Mita ta ƙarshe za ta cika da kwalaye har su riƙa hawa kan juna. A 1903 sojojin Ingila suka ci Kano a zamanin Sarki Alu. A 1909 Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa. A 1911 layin dogo ya iso, wanda shi ya buɗe cinikin gyaɗar da Alhassan Ɗantata ya yi fice a kansa. A 1925 jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, kuma a Kano ya sauka. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta wajen neman 'yancin talaka. A 1960 ƙasa ta sami 'yancin kai, a 1963 Ado Bayero ya hau gadon sarauta, wanda ya riƙe har rasuwarsa a 2014. Sai kuma 1967, shekarar da aka ƙirƙiro jiha. Idan aka ɗaure wannan kwali, a sa yaro ɗaya ya auna daga nan zuwa ƙarshen igiya da hannunsa. Zai tarar bai fi kamu ɗaya da 'yan kai ba, alhali bayansa akwai taku goma sha. A wannan lokacin ne bambancin birni da jiha yake shiga kan yara, ba tare da malami ya ƙara ko kalma ba. Ana iya rufe darasin da fito da takardar naira ashirin, a nuna musu hoton Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano da ya shugabanci ƙasa daga 1975 zuwa 1976.

Fita ziyara

Fita ɗaya a zango ta wadatar idan an shirya ta. A nemi izinin iyaye a rubuce, a sanar da masu kula da wurin tun kafin ranar, a raba yara ƙungiya-ƙungiya da babba a kan kowace, a tafi da ruwan sha, kuma a guji tsakiyar bazara. Gidan Makama, wanda yake daura da fada kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ya fi dacewa da fitar farko, domin a can yara za su ga tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna, kuma ginin kansa darasi ne a kan aikin magina da azara. Marinar Ƙofar Mata kuwa tana da abin da ba ya barin zuciyar yaro. A tsayar da su nesa kaɗan da bakin rami, su kalli marini yana tsoma farin yadi cikin ruwan baba, ya ɗago shi yana ɗiga da launin kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsu, ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, har launin ya kama yadda yake so. A bar su su tambaye shi da bakinsu a wurin wa ya koya.

Makarantar da take nesa da birni ba ta rasa wurin zuwa. Gidan hakimi ko dagaci, tsohuwar kasuwa, bakin madatsar ruwa, ko dattijon da ya ga zamanin gyaɗa, kowanne ya isa. A sa yara su shirya tambayoyi uku-uku tun daga aji, a koya musu durƙusawa da gaisuwa kafin tambaya, kuma ɗaya daga cikinsu ya riƙa rubuta amsa.

Yadda za a gwada su

A rage tambayoyin cike gurbi, a ƙara waɗanda suke bukatar yaro ya haɗa abu biyu. A ba shi taswirar da babu rubutu ya sa maƙwabta huɗu da koguna biyu. A ba shi kwalaye biyar na igiyar tarihi a hargitse ya jera su. A tambaye shi dalilin da ya sa ake ce wa Kano ta Dabo, ko abin da ya haɗa Tiga da tumatirin da ke cikin miyar gidansu, ko wanne ya girmi wani tsakanin kasuwar Kurmi da Jihar Kano, kuma da kimanin shekara nawa. Aikin ƙarshen zango kuwa shi ne kowane yaro ya kawo shafi ɗaya a kan unguwarsu ko ƙauyensu, da ma'anar sunan wurin kamar yadda wani babba ya faɗa masa, da sana'ar da aka san wurin da ita, da zanen abu ɗaya da yake can. A ɗinke shafukan wuri guda da zare, a rubuta ajin da shekarar a bangon, a ajiye a ofishin shugaban makaranta domin 'yan ajin da za su biyo baya su fara darasinsu da karanta shi.